Abincin 'ya'yanmu a makaranta: mu koyi raba hujja da daɗin baki



Duk lokacin da aka koma sabon zangon karatu, akwai maganar da ba ta taɓa fashi a taron iyaye da malamai da kuma zaurukanmu na WhatsApp, wato maganar abin da yara za su ci a makaranta. Mai makaranta ya ce a ƙara kuɗi ya riƙa dafa musu. Wata uwa ta ce ita ba ta yarda ɗanta ya ci girkin da ba ta ga yadda aka yi shi ba. Wani uba ya turo saƙon murya yana cewa an gano guba a abu kaza. Kamfani kuma ya shigo harabar makaranta da kiɗa da kyautar fensir yana raba lemon kwali. Ɗan siyasa yana can a talabijin yana lissafa miliyoyin yaran da aka ciyar. Kowa ka saurara sai ka ji kamar shi ke da gaskiya.

Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda ake jan ra'ayinmu a cikin wannan muhawara. Yawancin abin da ake faɗa mana ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Gaskiya ce aka gutsuro, aka yi mata kwalliya, aka ɓoye sauran. Wanda bai san irin wannan kwalliya ba, to aljihunsa zai sha wuya, cikin ɗansa kuma ya fi shan wuya. Kuma maganar ba ta wasa ba ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma abin ya fi ƙamari a Arewa maso Yamma, inda akasarinmu muka fito. Yaron da ya fita gida tun ƙarfe bakwai na safe, ya taso boko ya zarce Islamiyya, abin da ya ci tsakanin nan da la'asar shi ke riƙe da ƙwaƙwalwarsa.

Kalma mai daɗin ji

Dabara ta farko, kuma wadda ta fi cin kasuwa, ita ce a ɗora wa kaya suna mai kyau. Za ka ga an rubuta a jikin kwali da manyan baƙaƙe cewa yana ƙara kuzari, ko an ƙara masa bitamin, ko an yi shi da 'ya'yan itace. Ga hoton lemo da abarba suna ɗigar da ruwa, ga yaro yana murmushi da kofin gasa a hannu.

Mu ɗauki maganar bitamin. Tun farkon shekarun 2000 doka ta wajabta wa kamfanoni a Najeriya su riƙa sa bitamin A a cikin sukari da fulawa da man girki, kamar yadda aka wajabta sa aidin a gishiri. Ke nan shi kansa sukarin da ake aunowa a shago yana ɗauke da bitamin. Akwai wanda zai ce don haka a cika wa yaro kwano da sukari ya tafi da shi makaranta? To haka lamarin biskit da lemon kwali yake. Kasancewar bitamin a ciki gaskiya ne, amma bai goge yawan sukarin da ke tare da shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a rana, ta kuma ce in an rage shi zuwa kashi 5 ya fi, wato kimanin cokalin shayi shida ga babban mutum. Lemon kwalba baƙi mai santilita 35 shi kaɗai yana ɗauke da sukarin da ya kai cokalin shayi tara. Na roba mai santilita 50 ya kai goma sha uku. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021.

Haka nan lambar NAFDAC. Sau da yawa in ka yi ƙorafi sai mai talla ya juya maka kwalin ya ce, ai ga lambar NAFDAC nan. Lambar tana da muhimmanci, kuma kada mu ba yara abin leda ko na kwalba da ba shi da ita. Amma abin da take nufi shi ne an yi wa kayan rajista, an yarda a sayar da shi. Ba ta nufin ya dace yaro ya mayar da shi abincin rana kullum. Alawa ma tana da lambar NAFDAC.

Maganin wannan dabara yana bayan kwalin. A ƙa'ida, jerin kayan haɗi ana rubuta shi ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. In ka ga ruwa ne na farko, sukari na biyu, 'ya'yan itacen kuma suna can kusa da ƙarshe, to ka san ruwan sukari ne aka sayar maka da hoton mangwaro. Wanda bai iya karanta Turanci ba ya miƙa wa ɗansa ɗan aji biyar ya karanto masa kalma uku na farko. Ya samu amsa, yaron kuma ya samu darasi.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ake yi wa wannan wasa da suna. A Amurka, a 2011, majalisar dokokinsu ta tsaya kai da fata a ci gaba da lissafa ɗan tumatirin gwangwanin da ake shafa wa fiza a matsayin kason kayan lambu na abincin makaranta, bayan kamfanonin da ke sayar wa makarantu abinci sun matsa lamba. Abincin bai canza ba, sunansa kawai aka kare.

Babbar lamba

Dabara ta biyu ta 'yan siyasa ce da masu kwangila: a jefo maka lamba mai girma har ka ji nauyin tambaya. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare da abincin da aka noma a gida. Shekaru ana ta gaya mana ana ciyar da yara kusan miliyan 10, an ɗauki dubban mata masu dafawa, an kashe biliyoyin Naira. Duk wanda ya ji sai ya jinjina kai.

Amma lambar da ta fi muhimmanci ƙarama ce, kuma ba a cika ɗaga murya a kanta ba: Naira 70 ga kowane yaro a rana. Daga baya, a 2022, aka amince a mayar da ita Naira 100. A cikin wannan kuɗin mai dafawa za ta sayi hatsi, ta sayi mai da itace ko gawayi, ta biya mota, ta kuma fitar da ɗan abin da za ta kai gida. Yau Naira 100 ba ta sayen ƙwai ɗaya a kasuwar Agege. Sa'annan shirin na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne a makarantun gwamnati kawai. Yaranmu da ke ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwa, da na Islamiyya, da almajirai, ba su cikin lissafin tun farko.

A 2020, lokacin kullen korona, ma'aikatar jin ƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta ce za ta kai abincin har gida tunda makarantu suna rufe, kuma Legas tana cikin wurare uku da aka yi rabon, tare da Abuja da Ogun. Ministar ta ce an kashe sama da Naira miliyan 500. A cikin shekarar ne kuma hukumar ICPC ta ce ta gano Naira biliyan 2.67 na ciyar da ɗaliban kwalejojin gwamnatin tarayya sun shige asusun wasu mutane. Waɗannan maganganu biyu ne daban, na ma'aikatu daban, amma a zaurukanmu aka cakuɗa su suka zama labari ɗaya. Masu yabo suka riƙe lambarsu, masu suka suka riƙe tasu, yaron da ake magana a kansa kuwa ba wanda ya tambaye shi me ya ci. A watan Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar tallafin jama'a, har da na ciyarwar, bayan zarge-zargen da suka taso a ma'aikatar.

Akwai kuma lambar da ke auna abin da ba shi ake nema ba. Lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare a Kaduna a farkon 2016, yawan yaran da aka yi wa rajista ya yi tashin gwauron zabi, kuma wannan abin farin ciki ne. Amma rahotanni suka yi ta nuna yara da yawa suna zuwa ne da kwanonsu, ana gama rabo su kama gabansu. In ka ce rajista ta ƙaru ka faɗi gaskiya. In ka ce saboda haka karatu ya ƙaru, to ka tsallake wani mataki da ke buƙatar tasa hujjar.

Duk lokacin da aka jefo mana babbar lamba, mu raba ta. Wannan ya shafi mai makarantar unguwa kamar yadda ya shafi minista. A ce makaranta ta nemi Naira 30,000 kuɗin abinci a zango. Zango yana da kwanakin karatu kimanin 60, ke nan Naira 500 a rana. Sai mu tambayi kanmu me Naira 500 za ta iya sawa a kwano a farashin yau, kuma shin abin da ake ba yaron ya yi kama da haka? Wataƙila mu ga mai makarantar yana ƙoƙari har yana cikawa daga aljihunsa. Wataƙila kuma mu ga akasin haka. Ko wanne ne, lissafi ya fi zargi.

Tsoratarwa

Dabara ta uku ita ce wadda ta fi gudu a wayoyinmu. Saƙon murya ne daga wani da ba a faɗi sunansa ba, yana rantsuwa cewa yara sun mutu a wani gari bayan sun ci abu kaza, ya rufe da cewa don Allah a tura wa duk wanda ake ƙauna. Ba ranar da abin ya faru, ba sunan asibiti, ba sunan hukumar da ta tabbatar. Tsoro ba ya barin mutum ya tsaya tambaya, kuma mai ƙirƙirar saƙon ya san haka.

Mu tuna abin da ya faru a 2023. Hukumomin Taiwan da Malesiya sun ce sun samu wani sinadari mai haɗari a wani nau'in Indomie da ake sayarwa a can. Nan take labari ya cika gari cewa duk taliyar da yaranmu ke ci guba ce. NAFDAC ta ɗebi samfuri daga masana'antu da kasuwanni ta gwada, daga baya shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta sanar cewa ba a samu sinadarin a taliyar da ake yi a Najeriya ba. Me ya biyo baya? Iyaye da yawa suka ce ashe ƙarya ce, suka koma zuba wa yara ita safe da rana hankali kwance.

A nan ɓarnar tsoratarwa take. Ta ɗauke hankalinmu daga matsalar gaske. Illar taliyar leda ba wata guba ce ta ɓoye ba, a fili take: fulawa ce da mai da gishiri mai yawa, ba wake, ba ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, na yaro kuma ƙasa da haka. In za a ba yaro ita jefi-jefi, a rage ƙullin ɗanɗanon, a fasa ƙwai, a yanka karas da kabeji. Wannan shawara ba ta da armashin saƙon guba, shi ya sa ba wanda ke tura ta.

Ba ina cewa haɗari babu shi ba ne. A jihar Bihar ta Indiya, a watan Yulin 2013, yara 23 sun rasu bayan sun ci abincin makaranta da maganin ƙwari ya gurɓata. Bambancin wannan da saƙon murya shi ne akwai wuri, akwai rana, akwai bincike. Kuma darasin da ke cikinsa shi ne a sa ido a kan ɗakin girki da wurin ajiyar kaya, domin Indiya ba ta daina ciyar da ɗalibanta ba saboda abin da ya faru.

Ko wannan ko wancan

Dabara ta huɗu a taron iyaye aka fi jin ta. Sai a tsaya a gabanmu a ce: ko dai ku biya kuɗin abincin makaranta, ko ku bar yaranku suna cin ƙazantar bakin titi. An rufe ƙofofi duka an bar biyu, ɗaya an share ta, ɗaya an zuba mata shara. Alhali akwai ta uku da ta huɗu. Uwa za ta iya zuba wa ɗanta a kula daga gida. Iyaye za su iya zaɓar mace ɗaya ko biyu amintattu a unguwa su riƙa kawo abinci bakin makaranta ƙarƙashin sa idon kwamiti. Za a iya cewa mai so ya biya, wanda ba ya so a ƙyale shi.

Wannan dabara tana da ƙanwa, ita ce kunyatarwa. Za ka ji an ce duk uban da ke son ɗansa ba zai tsaya lissafin kuɗi a kan lafiyarsa ba. Da an faɗi haka sai zaure ya yi tsit, domin ba mai son a ce shi ne marowacin. Ɗan dako da mai facin taya da mai sayar da goro da ke da yara biyar a makarantar sai ya haɗiye tambayarsa. A gaskiya uban da ya tsaya ya yi lissafi shi ne ya damu. Tambayar me za a dafa da nawa za a kashe ba rashin ƙauna ba ce, kuma mai makarantar da ke da niyya mai kyau ba zai ji haushinta ba.

Akwai kuma cewa ai duk manyan makarantun Ikeja da Lekki haka suke yi, ko kuwa likitoci sun tabbatar. Wane likita? A ina ya faɗa? Farar riga a jikin allon talla ba shaida ba ce, kowa zai iya ɗinka ta. In kuma za a kawo mana misali daga waje, a kawo shi da cikarsa. Ƙasar Barazil ana yabon shirinta na ciyar da ɗalibai, amma abin da ya riƙe shi doka ce ta 2009 da ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin a sayi kaya da shi daga ƙananan manoma, tare da kwamitocin sa ido da iyaye ke ciki. Wanda zai ce mu yi koyi da su, sai ya yarda mu ma mu shiga ɗakin girkin mu gani.

Namu daɗin bakin

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu iyaye muna da namu dabarun da muke kare kanmu da su, kuma ya kamata mu gane su kamar yadda muke gane na wasu.

Na farko shi ne: mu da me muka girma? Koko da ƙosai muka sha, ga mu nan garau. Wannan magana tana da daɗi, kuma akwai gaskiya a cikinta, domin koko da ƙosai haɗi ne mai kyau, hatsi ne da wake. Amma mai faɗin ta yakan yi amfani da ita ne don ya rufe maganar baki ɗaya, alhali ɗansa ba koko da ƙosai yake ci ba. Kuɗin tara ake danƙa masa ya sayi biskit da lemon leda mai launi. Kuma masu cewa ga mu nan garau su ne waɗanda suka rayu. Ba a jin muryar 'yan uwanmu da ƙyanda da tamowa suka ɗauke tun suna goye.

Na biyu shi ne ɗaukar cewa duk abin da yake na gargajiya lafiyayye ne. Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya abin sha ne masu kyau in an yi su da tsaftataccen ruwa, an kuma taƙaita sukari. Amma zoɓon da aka narka wa sukari da ɗanɗanon kanti bai fi lemon kwalba da komai ba. A 2024, da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiya na jihar sun ce suna zargin wani kunun aya marar rajista da aka sayar a yankin Eti-Osa yana da hannu a yaɗuwarta. Sunan abu ba ya wanke robar da aka ɗura shi a ciki. Haka burodin Agege da muke alfahari da shi: tun zamanin marigayiya Dora Akunyili NAFDAC ta hana sa sinadarin buromet a burodi, don haka laushi da kumburi ba su ne shaidar inganci ba, kuma burodi da shayi zalla ba su kai yaro la'asar.

Na uku ya fi wuyar faɗa. Wani lokaci mukan ce a ba matarmu Bahaushiya ko Musulma kwangilar abincin, shi ke nan an gama magana. Damuwa da halal hakkinmu ne, ba kuma za mu sassauta a kai ba, musamman maganar nama da irin man da ake girki da shi. Amma addinin da ya umarce mu da cin halal shi ne ya umarce mu da tsafta da cika mudu. Kasancewar mai dafawa 'yar uwarmu ce bai amsa tambayar inda take ɗebo ruwa ba, bai kuma amsa ko tana rufe abincin daga ƙuda ba. Mu ba namu aiki, amma mu auna su da ma'aunin da za mu auna bare.

Shin duk mai jan hankali macuci ne?

Wani zai ce, to Malam, in haka ne kowa ya yi magana mai daɗi sai mu zarge shi? A'a. Iya magana baiwa ce, kuma mai gaskiya ma yana buƙatarta. Ma'aikaciyar asibitin da ke nuna wa uwa hoton yaro mai tamowa don ta ja hankalinta ita ma tsoro take amfani da shi. Limamin da ke tuna wa iyaye cewa 'ya'ya amana ne zuciya yake taɓawa. Bambancin yana wuri ɗaya: mai gaskiya in ka ce masa nuna mini, zai nuna maka. Mai daɗin baki kuwa in ka tambaya sai ya ƙara murya, ko ya canza magana, ko ya ce ba ka da godiya.

Kuma kada wannan rubutu ya sa wani ya ɗauka ina adawa da ciyar da yara a makaranta. Ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Mutanen Kano sun ga yadda ciyarwar zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta jawo yara aji, jihar Osun ma ta yi suna da nata shirin a zamanin Rauf Aregbesola. Yaro mai jin yunwa ba ya fahimtar lissafi, wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Saboda abin yana da amfani ne ya sa bai kamata mu bar shi a hannun masu romon baka ba.

Abin da za mu riƙa tambaya

Ina ba da shawarar duk inda aka kawo mana maganar abincin makaranta, daga gwamnati ne ko kamfani ko mai makaranta ko ɗan uwanmu a WhatsApp, mu riƙe tambayoyi huɗu.

Ta ɗaya, me zai shiga kwanon yaron, ranar Litinin zuwa Juma'a? A rubuta jadawali a manna a bango. Kalmar abinci mai gina jiki ba jadawali ba ce. Kwanon da ya cika shi ne wanda ya haɗa mai ba da ƙarfi kamar shinkafa, doya, dankali ko masara, da mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi, gyaɗa ko awara, da ɗan ganye ko ɗan itace. Garau-garau da yankakken tumatir da kabeji ya cika wannan sharaɗi. Haka ɗan wake da ƙwai, haka alala, haka dambu da zogale da ƙuli, haka faten doya da alayyafo. Ɓarin lemon zaƙi a kan abincin wake yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin da ke ƙara jini, shayi kuwa rage shi yake yi. Ba sai an je babban kanti ba, kayan nan 'yan uwanmu ne ke sauke su a Mile 12 kullum.

Ta biyu, nawa ne a kan kowane yaro a rana?

Ta uku, wa zai amfana in na yarda? Cin riba ba laifi ba ne, amma mu san mai cin ta. In mai ba da shawarar a hana zuwa da abinci daga gida shi ne mai kantin cikin makarantar, ya kamata a faɗa a fili.

Ta huɗu, wa zai duba, kuma yaushe? Gani ya kori ji. Kowace makarantar da yaranmu suka yi yawa a cikinta ta samu kwamitin iyaye mata uku ko huɗu da za su riƙa leƙa ɗakin girki ba tare da sanarwa ba, su ga ruwa, su ga wurin wanke hannu, su ɗanɗana abin da aka dafa. Iyaye mata sun fi mu sanin farashin mudu da yawan abin da tukunya ke ɗauka, ba a yi musu rufa-rufa a nan. Abin takaici shi ne a yawancin tarukanmu maza ne ke yanke hukunci a kan girkin da ba su taɓa yi ba.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu da masu kula da zaurukan WhatsApp su kafa ƙa'ida: duk saƙon da ya ce an gano guba a wani abinci, in ba sunan hukuma da kwanan wata, a sauke shi har sai an tabbatar. Malaman Islamiyya su ma suna da rawar takawa. Minti goma a mako ya isa a ɗauko kwalin lemo a aji, a sa yara su karanta gabansa su karanta bayansa, su faɗi bambancin da suka gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi tambayar mai tallan biskit yau, gobe zai iya tambayar mai neman ƙuri'arsa.

Kakanninmu da suka zauna a Zangon Agege fataucin goro ne ya kawo da yawansu, kuma ba su taɓa sayen huhun goro don ganyen da aka naɗe shi da shi ya yi kyau ba. Sai an kwance, an tona har ƙasa, an fasa ɗaya an gani. Abin da za a zuba a cikin 'ya'yanmu ya fi goro cancantar wannan binciken.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, ya hore mana abin da za mu ciyar da su na halal. Mai ƙarin bayani ko gyara, ƙofa a buɗe take.